Mazhabar Sabinus da ta Purokulus: a ina suka rabu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko masana shari'ar Rumawa sun rabu mazhaba-mazhaba kamar yadda muka sani a fiƙihu. Sun rabu gida biyu: mabiya Sabinus da mabiya Purokulus. Ana danganta tushen saɓanin ga wasu masana shari'a biyu, Kafito da Labiyo, a zamanin Sarki Agustas. Gayus, wanda ya rubuta littafin koyar da ɗalibai wajen shekarar 161 miladiyya, "malamanmu" yake kiran ɓangaren Sabinus.

Ga mas'alar da ta fi fito da bambancin. Mutum ya ɗebi zaitun ɗin wani ya matse mai, ko ya ƙera kwano da azurfar wani. Na wa ne? Mutanen Sabinus suka ce na mai kayan ne, domin in babu zaitun babu mai. Mutanen Purokulus suka ce na wanda ya yi aikin ne, tunda sabon abu ne da dā babu shi. Kowace magana tana da cikas: ta farko ta zubar da gumin mai sana'a, ta biyu ta raba mutum da dukiyarsa ba da yardarsa ba. Dokokin Sarki Jastiniyan na 533 suka bi tsakiya. In za a iya mayar da abin asalinsa, kamar kwanon da za a narkar, na mai kaya ne. In ba zai koma ba, kamar man zaitun, na mai aikin ne.

A kan balagar namiji, ɓangaren Sabinus ya ce a duba jiki, na Purokulus ya yanke shekara 14. Ta biyun aka ɗauka daga baya.

Sai musaya: ka ba da sa, ka karɓi tufa. Mutanen Sabinus suka ce ciniki ne, har suna kafa hujja da baitin Homa, mawaƙin Girkawa, inda Girkawa suka ba da tagulla da fatu da shanu suka karɓi giya. Mutanen Purokulus suka ce farashi sai kuɗi, kuma a ganina hujjarsu ta fi ƙarfi. Mai saye da mai sayarwa kowa da nauyin da ke kansa da irin ƙarar da zai shigar, to in babu kuɗi a tsakani, alƙali ba shi da hanyar gane wane ne wane. Ra'ayinsu ne Jastiniyan ya tabbatar, musaya ta zama yarjejeniya mai zaman kanta.