Takarar asambulman ko shiga jam'iyya?

Matasan Aboabo da Asawase, unguwannin zango a Kumasi ta ƙasar Gana, sun dame ni da tambaya ɗaya: wanda yake so a ji muryar zango, ya tsaya takarar asambulman ne, wato wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma, ko ya shiga jam'iyya?

Ta fuskar kuɗi, takarar asambulman ta fi sauƙi. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana jam'iyyu tsayar da ɗan takara a wannan zaɓe, da sunanka da fuskarka za ka fito. Jarinka shi ne zaga gidaje da gaisuwar masallaci. Amma in ka ci, ka zama na kowa. Kwata ta toshe kai ne, fitilar layi ta mutu kai ne, har kuɗin asibiti ana buga maka ƙofa da asuba, alhali alawus ɗin bai taka kara ya karya ba. Duk da haka kujerar taka ce shekara huɗu, kana zauren majalisar Asokore Mampong, ƙaramar hukumar da unguwannin nan suke ciki, lokacin da ake yanka kasafi.

Jam'iyya kuwa ƙofarta a buɗe take, manyan jam'iyyun nan biyu kowacce na da reshen 'yan zango: NPP na da Nasara, NDC na da Zongo Caucus. Hannunta ya fi tsawo, yana kaiwa Akara. Sai dai layin ma dogo ne, manya sun riga ka, kuma ranar da jam'iyyarku ta faɗi, shi ke nan sai haƙuri. Ga gabar da take haifarwa a unguwa, wani lokaci har cikin gida ɗaya.

Mai haƙuri da jama'a, wanda damuwarsa layinsu ce, asambulman ya fi dacewa da shi. Mai hangen majalisar dokoki, da zai iya jiran shekaru, ya yanki katin jam'iyya.