Na'urar tDCS ta gida don ciwon damuwa: abin da take iyawa da inda take ba da kunya

tDCS na'ura ce da ke tura wutar lantarki 'yar kaɗan zuwa ƙwaƙwalwa ta fatar kai, kuma akwai masu ganin ta maye gurbin ƙwaya. Ba haka ba ne. A gwajin da aka yi a Sao Paulo ta Brazil, wanda aka wallafa a 2017, tDCS ta fi na'urar bogi tasiri, amma ba ta kamo ƙwayar escitalopram, maganin ciwon damuwa, ba. Tana taimakawa, sai dai taimakon matsakaici ne.

Batir ne da soso biyu. Wuta 'yar kaɗan, miliampiya 2, ke bi ta gaban kai na tsawon minti 30. Soson da wutar ke fita daga gare shi ta shiga kai yana hagu, ɗayan a dama, kuma idan aka juya su an ɓata aikin. Tsarin da aka gwada da Flow, wata na'urar tDCS ta ƙasar Suwidin, shi ne zama 5 a mako na mako 3, sannan 3 a mako.

Matsalar duk a soso take. Da ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9 ake jiƙa shi, ana samunsa a kemis, ba ruwan famfo ko na leda ba. In ya bushe, wutar takan taru a wuri ɗaya ta ƙona fata. In ya jiƙe sharkaf, ruwan ya gangara ya haɗa sosunan biyu, sai wutar ta bi ta fata ta bar ƙwaƙwalwa. Man gashi da kitso mai kauri ma suna tare ta, a wanke wurin a buɗe gashin. Ga gumin Legas, wanda kan sa ɗaurin ya zame. Ƙaiƙayi da ɗan jan fata ba komai, amma zafi mai tsini alama ce a kashe.

Na'urori masu arha da ba sa auna yadda soso ya kama fata, kuma ba sa tashi da wuta a hankali, kuɗinka kawai za su ci.

Ribarta ga ɗan Agege ko Mile 12 ita ce ba sai ya sha cunkoso kullum ba, saɓanin TMS mai maganaɗisu da ke buƙatar zuwa asibiti kwana 5 a mako. Amma mai farfaɗiya, mai ƙarfe a kai, da wanda damuwarsa kan juye zuwa zumuɗi da rashin barci, kada su taɓa sai likitan ƙwaƙwalwa ya duba su. Wanda tunanin kashe kansa ke zo masa kuwa, asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba zai nufa a ranar.