Wane ƙamus za ka saya don gane irin su "more than her fair share"?

Akwai wani rukunin maganganun Turanci da ke kayar da ɗalibai a jarabawar WAEC da NECO, a sashen nan da ake ba da jimla a ce ka zaɓi ma'anar da ta fi dacewa da ita. Kalmomin duk sanannu ne, amma da an jera su sai ma'anar ta zille. Dubi wannan: "She has had more than her fair share of trouble." Wanda ya bi ta kalma bayan kalma zai ɗauka wani abu aka raba ta kwashi fiye da kasonta, har ya zarge ta da haɗama. Alhali tausaya mata ake yi. Cewa ake baiwar Allah nan ta sha wuya fiye da kima, fiye da abin da ake zaton mutum ɗaya zai gani a rayuwa.

Abin lura shi ne 'yar kalmar mallakar da ke tsakiya, wato his, her, your ko their. Ita ce mudun awon. Ba da wani ake gwada mutum ba, ana gwada shi ne da gwargwadon da ya kamace shi, sannan a ce ya zarce. Shi ya sa "wise beyond his years" ke nufin yaro mai hankalin manya, "older than her years" kuma wadda kamanninta ko halinta ya girmi shekarunta. "Living beyond their means" su ne masu kashe abin da ya fi samunsu. "Punching above its weight" daga damben zamani aka aro shi, inda ake haɗa 'yan wasa bisa nauyinsu, ana kuma faɗinsa ga ƙaramar ƙasa ko ƙaramin kamfani da ke karawa da manya. In ka cire mallakar shi mutumin ka sa ta wani, kamar "more than his brother's share", an dawo lissafi zalla: nasa ya fi na ɗan'uwansa, shi ke nan.

Da wannan ma'auni zan duba littattafan da aka fi samu a shagunanmu, domin ƙamus da ya iya warware irin waɗannan ba zai ba ka kunya a sauran ba.

A fara da wanda kowa ya sani, Oxford Advanced Learner's Dictionary. A. S. Hornby, malamin Turanci da ya daɗe yana koyarwa a Japan, shi ya assasa shi. An fara buga shi a Tokyo a 1942 da wani suna, kafin maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948. Bugu na 10 ya fito a 2020. Ƙarfinsa shi ne yadda yake tara maganganun azanci a ƙarshen bayanin kalma, a wuri na musamman, yana kuma tura ka wata kalmar in can ya ajiye bayanin. Wannan yana da amfani ƙwarai a nan, don kuskuren da aka fi yi shi ne neman maganar ƙarƙashin "more". Ba a can take ba. A nemi "share" ko "fair", a nemi "means", a nemi "weight". Matsalarsa ɗaya ce ga mai saye: tsofaffin bugu sun cika kasuwa, kuma a cikinsu za ka tarar an rubuta "one's" a gurbin mallakar. Ɗalibi da yawa ya kwafe "one's" ɗin nan ya saka cikin jimlarsa yadda yake, bai san gurbi ne da aka bar masa ya cike da my ko her ba. Bugun baya-bayan nan "your" suke sawa, wanda ya fi sauƙin ganewa.

Longman Dictionary of Contemporary English ya fito a 1978, bugu na 6 kuma a 2014. Yana bayanin kowace kalma ne da zaɓaɓɓun kalmomi kimanin 2,000, don haka da wuya ka buɗe shi neman ma'ana ka tarar da bayanin ya fi kalmar tsauri. Ga ɗan sakandare wannan ba ƙaramin abu ba ne. Misalansa kuma irin na hirar yau da kullum ne, yana nuna kalmomin da suka saba tafiya tare. A ganina, in yaro ɗan aji huɗu ko biyar za a saya wa, Longman ya fi Oxford saurin shiga kai, ko da yake malamai da yawa ba za su yarda da ni ba, saboda da Oxford aka raine su.

Wanda na fi so a wannan fage shi ne Collins COBUILD. Ya samo asali ne daga aikin da John Sinclair ya jagoranta a Jami'ar Birmingham, aka fitar da bugun farko a 1987, bayan an tara tarin rubutu da zantukan Turawa a kwamfuta an duba yadda suke amfani da kalmomi a zahiri. Bambancinsa shi ne da cikakkiyar jimla yake bayani. Maimakon ya jefo maka ma'ana guntu, sai ya ce in ka ce wani ya yi kaza, to kana nufin kaza. Ka ga ke nan a bayanin kansa za ka ga wa ke magana, a kan wa, da inda mallakar ta zauna. Irin maganganun da muke batu a kansu sun dogara ne da ra'ayin mai faɗa: shi ne ya ga abin ya yi yawa. Salon COBUILD ya fi kowanne fito da wannan. Illarsa, bayanin na cin wuri, mai gaggawa zai ga kamar ana ja masa rai, kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba.

Na Cambridge, wanda ya fara fitowa a 1995, ba shi da laifi, amma tunda yana intanet kyauta, har da sautin furuci na Ingila da na Amurka, ban ga dalilin kashe kuɗi a kan na takarda ba in kana da waya mai kyau. Oxford da Longman da Collins ma duk suna da shafukan da ake dubawa kyauta. Sai dai fa a lissafa kuɗin data da rashin wuta, a kuma tuna cewa makarantun kwana da yawa ba sa barin ɗalibi ya riƙe waya.

To, ƙamusun Turanci zuwa Hausa fa? Na Roxana Ma Newman da Jami'ar Yale ta buga a 1990 aiki ne mai inganci, haka wanda ita da Paul Newman suka fitar ta maɗaba'ar Jami'ar Bayero a 2020, mai Hausa zuwa Turanci da Turanci zuwa Hausa. Mai fassara a gidan rediyo ko jarida bai kamata ya rasa ɗaya daga ciki ba. Amma aikinsu shi ne ba ka kalmar Hausa da ta dace, ba bin diddigin azancin Bature ba. Za su ba ka rabo ko kaso, daga nan kai za ka san cewa "more than my fair share of luck" sa'a ce ta yi wa mutum yawa, ba wahala ba, domin maganar tana ɗaukar alheri kamar yadda take ɗaukar sharri, ko da yake ta fi yawa a wajen sharrin. Na Bargery na 1934 kuwa taska ce ta Hausa, ba don wannan aka yi shi ba.

Wasu kan ce littafin nahawu za su saya tunda maganar kwatance ce. English Grammar in Use na Raymond Murphy, da ya fito a 1985, zai koya maka gina kwatance da than, da lokacin da ake ƙara -er da lokacin da ake sa more. Practical English Usage na Michael Swan, na 1980, ya fi zurfi, ya kuma fi dacewa da malami. Dukansu ƙa'ida suke koyarwa. Su kuwa waɗannan maganganu daskararru ne, ba za ka ƙirƙiro "richer than his share" ka ce ka bi ƙa'ida ba, sai dai ka haddace su yadda suke. Saboda haka nahawu ƙari ne bayan ƙamus. Ƙananan ƙamusoshin aljihu kuwa a bar su; wurin da za a sa misali shi aka fara yankewa don littafin ya shiga aljihun.

Idan ka shiga shago, ko a Sabon Gari ta Kano ne ko a shagon littattafan jami'a, kada ka biya sai ka yi gwaji. Buɗe "share", buɗe "fair", ka ga ko maganar tana nan da misali a cikakkiyar jimla. Duba ko an kawo "had his share of problems" ba tare da more than ba, don ita ma tana nufin ya sha da yawa, kuma ita ce ta fi rikita mutane. Sai ka juya zuwa "means" da "weight". Wannan gwajin zai kuma tona asirin bugun jabu, wanda ya yi yawa a kasuwa: tawada ta dusashe, takarda sirara har rubutun baya na leƙowa, wasu shafuka a maimaice wasu babu. Bugun asali na sababbin ƙamusoshin nan yakan zo da lambar shiga manhaja ko shafin intanet, sai ka tambayi mai shago ya nuna maka ita, ka kuma tabbata ba a kankare ta ba kafin ka miƙa kuɗi.