Makirufon da muke shan gumi tare

Shekara uku ke nan ina waƙa da Shure SM58, wanda ake ƙerawa tun 1966. Wanda bai taɓa hawa dandamali ba gani yake waƙa kawai muke rerawa. Ina! Awa biyu kana tsalle, gumi na shiga ido, numfashi na sarƙewa, har gram 298 na makirufon sai ka ji su a kafaɗa.

Ran nan na sunkuya in gaisa da masoya, wani ya fizgi hannuna, makirufon ya faɗi tim. Ragar kansa ta lotsa. Na ɗauka na ci gaba da baitina, murya tas. Ihun jama'a ma bai cika kwasowa ba, bakin da ke gabansa yake bi.