Power Query a cikin Excel: yadda ya rage min wahalar rahoton ƙarshen wata

Aikina shi ne in karɓi alƙaluman cinikin da rassan kamfaninmu ke turowa, in haɗa su wuri guda, in fitar wa shugabanni abin da za su yanke shawara a kai: wane kaya ke tafiya, wane reshe ya ja baya, wa ke riƙe da bashi. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san ba nazarin ke cin lokaci ba, gyaran fayilolin ne. Wannan reshe ya rubuta sunan kaya da manyan baƙaƙe, wancan ya bar fili a ƙarshen suna, wani kuma ya cusa jimla a tsakiyar jadawali. Kafin ka daidaita su rana ta faɗi, gobe kuma ana jiran rahoto.

A nan Power Query, wani kayan aikin Excel na tattara bayanai da gyara su, ya yi min rana. Tun daga Excel 2016 yana cikin manhajar, ƙarƙashin sashen Data, amma da yawa cikin abokan aikina ba su taɓa leƙa shi ba. Kana nuna masa foldar da fayilolin suke, ka yi gyaranka sau ɗaya, shi kuma yana jera kowane mataki a gefen dama. Idan wata ya ƙare, sai ka zuba sababbin fayiloli a foldar, ka danna Refresh, ya bi matakan nan daga farko har ƙarshe. Fayilolin asali ba ya taɓa su, don haka idan manajan wani reshe ya yi gardama a kan wata lamba, ga abin da ya turo nan yadda ya turo shi.

Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne batun sifiri. Lambobin wayarmu da sifiri suke farawa, haka ma wasu lambobin asusun banki masu lamba goma. Idan ka buɗe fayil ɗin CSV (jadawalin da aka adana a matsayin rubutu zalla) kai tsaye, Excel na ɗaukar su a matsayin adadi, sai sifirin farko ya ɓace, lambar kwastoma ta daina dacewa da wadda ke littafin bashi. A Power Query kana iya cewa wannan ginshiƙi rubutu ne, ba lissafi ba. Sai dai a lura, shi ma yakan yi hasashen nau'in ginshiƙi da kansa, dole ka goge wannan matakin kafin ka sa naka. Kwanan wata ma haka: 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris. Akwai wurin da za ka zaɓi tsarin ƙasar da bayanan suka fito, shi ke nan ka huta.

Na kuma rage dogaro da VLOOKUP, wato dabarar Excel ta nemo bayani a wani jadawali a kawo shi wani. XLOOKUP, sabuwar dabarar yin wannan aikin, ya fi shi sauƙi, amma babu shi a Excel 2016 da 2019, kuma ba kowa a ofis ke da sabon Excel ba. Haɗa jadawali biyu a cikin Power Query ya raba ni da wannan damuwa.

Shafin Excel layi 1,048,576 kawai yake ɗauka, tsohon tsarin XLS kuwa 65,536. Ba ƙaramin abu ba ne: a 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta tsallake kusan mutum 16,000 masu ɗauke da korona daga rahotonta saboda bayanan sun wuce iyakar layukan wannan tsohon tsarin. Power Query na iya tace bayanai ya taƙaita su kafin su sauka a shafi.

Yana da nasa sharuɗɗan. A waya ba za ka gina shi ba, sai a kwamfuta, kuma idan ƙaramar kwamfuta ce za ka jira yayin da fayilolin suka yi yawa. Idan wani reshe ya sauya sunan ginshiƙi, ko da harafi ɗaya ne, komai na iya tsayawa cak. Shi ya sa na tura wa kowane reshe fom iri ɗaya, na kulle layin sama, na roƙi magatakardansu kada su ƙara ko su rage komai a ciki. Wanda rahotonsa na sau ɗaya ne, ba lallai ya ɓata lokacin koyo ba. Amma mai haɗa rahoto iri ɗaya duk mako ko duk wata, ina ba shi shawara ya fara da fayiloli biyu na watan jiya, ya gwada jimlarsa da wadda ya haɗa da hannu, in sun dace sai ya zuba sauran.