Kafin Ka Sayi Takardun Sojojin Sama na Yaƙin Hitila

Mai son tara takardun da suka fito daga sansanonin sojojin sama a Yaƙin Duniya na Biyu, abu huɗu zai fi cin karo da su a shafukan gwanjo: jaridun soja, taswirar tsira, ƙananan wasiƙu, da takardar kuɗi mai sa hannu. Ni dai ta ƙarshen nan ce tawa, ba na ɓoyewa.

Amurkawa na ce mata shot-sinota. Kuɗi ne na gaske, matuƙin jirgi da abokan tafiyarsa kowa ya sa hannu a kai, wani har da kwanan wata da sunan garin da aka sauka. Al'adarsu ita ce in an haɗu aka ce fito da taka, ka rasa, to abin shan jama'a na wuyanka. Duk ƙasar da suka yada zango sai su ƙara kuɗin wurin su liƙe da salatif, har abin ya yi tsawo kamar rawani. Ga abin da ya ja ni: daga 1940 aka riƙa harhaɗa jiragen Ingila a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, a nufi Khartum da Alƙahira. Shi ya sa a cikin jerin kana iya tarar da takardar sule goma ta Afirka ta Yamma mai hoton bishiyar kwakwa, irin wadda kakanninmu suka ƙulle a lalita. In ka samu wadda aka rubuta Kano a jikinta, kada ka ja ciniki da tsawo.

Jaridar sojojin Amurka, Stars and Stripes, tana da araha, amma takardarta marmashewa take yi. Ƙananan wasiƙun da aka ɗauka a fim aka wanko, sai da tabarau. Taswirar tsira ta siliki, wadda Turawan Ingila suka fara ba matuƙansu a 1940 don su gane hanyar gudu in an harbo jirginsu, kyakkyawa ce, sai dai da yawa cikin na kasuwa bayan yaƙi aka buga su.

Yanzu ga inda ake yanka mutane. Ni ma an yanke ni: takardar dala ɗaya na saya a intanet, cike da sa hannu, mai ita ya rantse daga wani sansani a Ingila ta fito a 1943. Da ta iso na juya bayanta, sai ga rubutun "In God We Trust". Wannan rubutu bai hau takardar kuɗin Amurka ba sai 1957. Mutumin kuwa ya rufe shafinsa, ko ƙurarsa ban sake gani ba.

Tun daga ranar, bayan takarda nake fara nema a nuna mini. Sannan tawada. Biro bai shiga kantunan Amurka ba sai Oktoban 1945, don haka in ka ga sa hannu reras da biro, ajiye musu kayansu. Na lokacin da alƙalamin tawada ne ko fensir, kuma hannu daban-daban, wani ya dushe wani ya yi ja. In duk sunayen hannu ɗaya ne da tawada ɗaya, mutum guda ne ya zauna a ɗaki ya zuba su. Salatif na asali ya bushe ya yi rawaya, ya bar tabo a takarda. Wanda ke ƙyalli ɗan jiya ne. Ka fi yin hattara da mai sunan wani babban janar a tsakiya, domin 'yan damfara kan samu tsohuwar takarda ta ƙwarai su ƙara mata sunansa don farashi ya ninka.

Ga sauran takardu, irin su jerin abincin Kirsimeti na sansani ko katin gayyata, sayi ƙaramar tocila mai hasken gwada kuɗi. Takardar da aka yi daga wajen 1950 zuwa yau takan yi shuɗi fau a ƙarƙashinta, tsohuwa kuwa shiru. Adireshin Amurka mai lambar gidan waya ta alƙaluma biyar ma tona asiri yake, don sai 1963 aka fara su. Mai kayan da ya ƙi turo hoton gaba da baya a hasken rana, wuce shi kawai.