Takardar Edinburgh a ɗakin awo: mai amfani ce, in an iya tambaya

Cikin kayan auna damuwar mai ciki da mai jego, takardar tambayoyin Edinburgh da aka fitar a 1987 ta fi dacewa da ƙananan asibitocin Zamfara: ba a sayen na'ura, kuma minti biyar ya isa. Tambayoyi 10 ne, duk a kan kwana bakwai da suka wuce, kamar ko tana iya dariya, ko tana ɗora wa kanta laifi, fargaba, kuka, da rashin barci don baƙin ciki. Kowace amsa maki 0 zuwa 3 ce, jimilla 30. Wadda ta kai 13 zuwa sama sai likita ya gan ta. Tambaya ta goma ta fi nauyi, ita ce ta tunanin cutar da kai. Ko maki ɗaya ta samu a nan, ba a sallamarta haka nan.

Inda ake ɓata aikin shi ne wurin tambaya. Ranar awo benci cike, malamar asibiti ta ɗaga murya, uwar miji na zaune a gefe riƙe da jariri. Me yarinya mai haihuwar fari za ta ce ban da "Lafiya lau, Alhamdulillahi"? Sai a rubuta sifili, alhali kwana uku ba ta runtsa ba. Dole a keɓe ta, a zauna, a ce "Ƴar'uwa, a makon nan..." a karanta mata amsoshi huɗun duka ta zaɓa da bakinta. Matan da suka baro ƙauyukansu saboda ƴan bindiga suka zauna a Gusau sun fi kowa buƙatar wannan keɓewar.

A kula da lissafi, domin wasu tambayoyin makinsu daga 3 yake farawa ya sauko. Tambayar barci kuma ba kukan jariri take nufi ba. Kada a dogara da makin makon suna, lokacin kuka da sauyin rai sun zama ruwan dare kuma sukan wuce cikin mako biyu. A auna tun da ciki, a sake wajen arba'in.

Raunin takardar babba: damuwa take nunawa, ba ta faɗin abin da ke taimaka wa mace ta jure. Sai an ƙara tambayar wa ke taya ta aiki, da wanda take faɗa wa abin da ke ranta. Kuma kafin a fara, asibiti ya tanadi inda zai tura mai maki da yawa, ko da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ne a Sakkwato.